Ranar da Na Koya wa Injin Kawu Larabci

Ba zan taɓa iya mantawa da wata Asabar a shagon Kawu Sale ba, ko da kuwa ina so, domin 'yan gidanmu sun ɗauki alkawarin ba za su bar ni in manta ba. Ko biki ake yi ko suna, da an ci an ƙoshi sai wani ya gyara zama ya ce, "Ina Injiniya? A ba mu labarin Larabci mana." Shi ya sa na ga gara in ba da shi da bakina, ko na samu a rage gishirin da suke ƙara masa.

Lokacin ban daɗe da gama karatun gyaran kayan lantarki ba, na dawo gida Daura da takardar difloma da kuma kai wanda ya fi hulata girma. Ina da ɗan teburi a bakin titi inda nake gyaran talabijin da rediyo da sitabilaiza. Tasta, wato ɗan sukudireban gwada wuta, ba ta barin aljihun gaban rigata, har wurin ɗaurin aure da ita nake zuwa, don kada wani ya yi kuskuren ɗauka ni ba kowa ba ne. Sunan Injiniya kuma ba wanda ya raɗa min. Ni na raɗa wa kaina, na yi ta amsawa har mutane suka gaji suka bi.

Kawu Sale ƙanin mahaifiyata ne, kafinta, mutum mai sanyin magana wanda ko guduma ta sauka a yatsansa sai dai ka ji ya ce "to". Ya daɗe yana sassaƙa da hannu, sai daga baya ya yi ƙoƙari ya sayo injin sassaƙar katako mai aiki da kwamfuta. Wani ƙaton teburi ne na ƙarfe, da kai mai ɗauke da ɗan tsinin ƙarfe da ke juyawa, yana tafiya gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, yana cin katako yadda zanen da aka ba shi ya ce. Tun da aka fara shari'a mutanenmu suka ƙara son a rubuta musu abu da harafin Larabci a ƙofar gida ko a saman gado, to kasuwar Kawu ta buɗe. Abin da ya sani game da injin shi ne abin da wanda ya kafa masa ya nuna masa: ka soka filash mai zane, ka kai tsinin tsakiyar katako da rimot, ka danna kore. Akwatin wayoyin da ke bayan injin kuwa ko murfinsa bai taɓa taɓawa ba. Ɗan Cana yake kiran injin, kuma da safe har gaishe shi yake yi.

Yanzu bari in gaya muku labarin katakon, don shi ne tushen komai.

A ƙauyenmu, can gaba da Zango, akwai wani madaci a ƙofar zauren kakanmu. A gindinsa ya yi zamansa har Allah ya karɓi abinsa, nan yake ba da karatu, nan yake sasanta masu rigimar iyakar gona. Bayan rasuwarsa wata iskar farkon damina ta kwantar da itacen. Da aka zo tsagawa sai aka tarar cikinsa duk rami ne, gara ta gama da shi, da ƙyar aka fitar da falle ɗaya mai faɗi mai lafiya. Kakarmu, wadda kowa ke kira Inna, ta ce wannan fallen ba za a yi benci da shi ba. A kai wa Sale Daura, ya sassaƙa sunan mahaifinsa a jiki, a kafa a saman ƙofar zauren. Kawu ya ajiye shi a inuwa ya bushe a hankali, ya goge shi har yana ƙyalli, ya sa wani mai zane a Katsina ya tsara masa sunan da irin rubutun nan mai sarƙaƙiya, haruffa na hawa kan juna. Inna ta aiko cewa ranar Asabar za ta shigo motar kasuwa ta zo ta gani da idonta ana yi.

Ana cikin makon sai Ɗan Cana ya ƙi.

Ba mutuwa ya yi gaba ɗaya ba, da ma ya fi sauƙi. Yana tafiya gaba da baya lafiya lau, amma da an zo tafiyar gefe sai ya yi gurnani, ya yi rawar jiki, ya tsallake wani wuri, ya ci gaba kamar ba shi ba. Ya ɓata ƙofar wata durowa, furen da ya kamata ya fito a tsakiya ya koma kamar an taka shi. Kawu ya kira mai gyaransa na Kano, aka ce ya yi tafiya. Da na je gaishe shi na tarar da shi zaune ya zuba wa injin ido, hannu a haɓa.

"Kawu, ina cikin garin nan kake neman mai gyara a Kano?"

"Ai na ga kai talabijin ka fi sani."

"Haba Kawu! Duk waya ce. Wuta ta shiga nan, ta fita can. Ba ni wuri."

(A raina kuwa ban taɓa buɗe irin wannan akwatin ba. A littafi na taɓa ganin hotonsa, shi ma ana gobe jarrabawa.)

To amma a yi min adalci, don nan gaba ba za a yi min ba: aikin farko na yi shi yadda ya kamata. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na fara. Na auna wutar janareto, na ga ba ta hawa ba ta sauka. Na duba fiyus, lafiyarsa ƙalau. Na buɗe akwatin, garin katako ya cika shi maƙil, har da gidan gizo-gizo, na hure shi tas. Na bi wayar da ake binnewa a ƙasa don ta kwashe wutar da ke yawo a jikin ƙarfe, na tarar sandar tana cikin rairayi busasshe, irin ƙasarmu ta nan da ba ta riƙe laima. Na sa aka tona, aka zuba gawayi da gishiri da ruwa. Jikin injin ya daina ɗan cizon da yake yi wa hannu, amma rawar ba ta tafi ba.

Sai na zauna na yi tunani irin na mutanen kirki. Kowace tafiya tana da nata ɗan injin da ke turawa, mu a sana'a moto muke ce masa, kuma kowane moto yana da ɗan akwatin da ke ba shi umarni, wanda muke kira direba. Tunda tafiyar gefe ce kawai ke ciwo, ko dai motonta ne, ko direbanta, ko wayar da ke tsakaninsu. Na sa mita na auna moto, ya amsa daidai. Na kunna injin, na sa Kawu ya tura shi gefe, ni kuma ina girgiza wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ina taɓa na bakin direban sai gurnanin ya tashi. Na saki ya lafa. Na sake taɓawa ya sake tashi. Na kai hanci, sai ga ƙaurin roba. Ashe wata 'yar kusa ce ta saki, wayar tana taɓawa tana sakewa, zafi ya ƙona bakin mahaɗar.

Wallahi daɗin da na ji a lokacin, ko ranar da aka ba ni takardar makaranta ban ji irinsa ba. Na miƙe na ce, "Kawu, na kama ɓarawon!"

Na zare wayoyin nan huɗu, ja da shuɗiya da koriya da baƙa, na ruga shagon wani Inyamuri mai kayan lantarki da muke mutunci da shi, na samo sabuwar mahaɗa. Yana miƙo min ya ce da irin Hausarsa, "Oga, ka ɗauki hoto kafin ka cire?" Na yi masa wani kallo. Na ce, "Waya huɗu ce fa. Ni zan ɗauki hoton waya huɗu?" Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da jera batura.

Da na dawo na tsuguna gaban direban, sai na ga ramuka huɗu suna kallona, ni ma ina kallonsu. Na tuna ja da shuɗiya tare suke tafiya, koriya da baƙa tare. Wannan na tabbatar da shi da mita. Amma wace ce ta fara shiga, ja ko shuɗiya? Na ce a raina, to mene ne bambancin, ai duk gida ɗaya za su. Na soka su, na ɗaure da kyau. (Bambancin ɗaya ne tak, kuma an koya mana shi a aji: in ka musanya su, moton zai yi aiki sumul, sai dai zai riƙa juyawa ta baya. Ranar da aka koyar ina jin ina wurin mai shayi.)

Na karɓi rimot daga hannun Kawu, ina tsaye a inda nake aiki, wato bayan injin. Na danna dama, kan ya tafi damata, shiru, ba gurnani. Na danna hagu, ya dawo haguna. Ko kaɗan bai zo min a rai ba cewa wanda ke bayan inji damarsa ita ce hagun wanda ke gaba. Kawu kuwa murna ta hana shi lura da wane maɓalli nake dannawa, shi dai ya ga Ɗan Cana na tafiya ba rawa. Ya ce a gwada a kan guntun katako kafin a taɓa na Inna. Na ce wannan ai dole ne, ka'idar aiki ce. Muka ɗauko zanen dagi, irin wanda ake yi a gaban babbar riga, muka sa masa. Ya fito tsaf, ko'ina daidai. Dagi kuwa, in kun lura, ko ta ina ka juya shi kamarsa ɗaya, ba shi da hagu ba shi da dama. Mun zaɓi abu ɗaya a duk cikin filash ɗin da ba zai iya tona min asiri ba.

Ranar Asabar na zo da wankakkiyar shadda. Mutum zai shiga garin katako ya sa shadda fara, ku auna hankalina a lokacin. Kawu ya tafi tasha tarbo Inna, ya bar ni in shirya komai. Na ɗaure fallen madacin a kan teburin injin, na kai tsinin tsakiyarsa, duk daga wurin tsayuwata na baya, don na riga na ɗauke shi ofishina. Kafin su iso labari ya zaga layin cewa ɗan 'yar'uwar Sale ya tayar da injin da sai an zo daga Kano. Maƙwabta suka taru, masu walda da mai faci, har da Malam Habu ladanin masallacin unguwa, wanda Kawu ya roƙa ya zo ya sa albarka.

Inna ta sauko daga bayan babur tana faɗa da ɗan acaɓa wai ya girgiza mata ƙashi. Tana ganina ta washe baki.

"A'a, angona! Wannan shadda haka, ko wata ka samu a birni ka bar ni?"

"Inna, ai ke ce kin tsufa, ba kya iya tuƙa tuwo."

"Ja'iri. Mai Sunan Malam, an ce kai ka gyara abin?"

Haka take kirana, domin sunan kakanmu aka sa min. Inna irin matan da ce, har ya rasu ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, kuma ko bayan ya rasu ba ta fara ba. Duk mai irin sunan a duniya a wurinta Mai Sunan Malam ne. Ku riƙe wannan: abin da za a sassaƙa a katakon nan sunana ne, wanda nake rubutawa tun ina makarantar allo.

Da ta ga maza sun cika shagon sai ta ja mayafi, ta ƙi zama a gaba. Kawu ya kai ta can ciki, ya zaunar da ita a kan 'yar kujerar wani madubin kwalliya da ya gama haɗa wa wata amarya, ta juya wa taron baya. Ta ce daga nan ma tana jin ƙarar, ya ishe ta.

Malam Habu ya yi addu'a, aka shafa. Na danna kore da wani irin salo, da ɗan yatsa ɗaya. Tsinin ya ɗau juyawa, kan injin ya ɗaga, ya nufi can gefen dama na katakon, ya sauka ya fara ci.

Kawu ya ɗan matso kusa da ni, ya rage murya. "Injiniya, ni kam tun da na sayi abin nan, kullum ta hagu yake fara aiki. Yau na ga ya tafi dama."

Jama'a, a nan ne Allah ya ba ni dama ta ƙarshe. Jan maɓallin tsayarwa yana nan gaban hannuna. Tsinin bai ci ko faɗin yatsa ba. Da na danna na ce bari mu duba, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma mutane sun ji tambayar, sun juyo suna jiran amsa, ni kuma a lokacin gara min in faɗa rijiya da in ce ban sani ba. Sai wata dabara ta faɗo min, na yi murmushin tausayi, na ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Kawu ke nan! Wannan fa Larabci ne. Larabci ta ina ake fara rubuta shi?"

Mai faci ya ce, "Ta dama!"

"To ka ji. Da can injin bai san bambanci ba, komai boko yake ɗaukarsa. Jiya da na shiga cikinsa na daidaita masa."

Wurin ya ɗau kabbara. Wani daga cikin masu walda ya ce ikon Allah, yau ga ƙarfe ya san ladabin rubutu. Malam Habu ya jinjina kai ya ce lalle ilimi kogi ne, Allah ya ƙara basira. Kawu ya kalli injin, ya kalle ni, sannan ya ce "to". Shi ma ya sha sassaƙa Larabci da injin nan ta hagu, ya san haka sarai, amma ba zai ƙaryata ɗan yayarsa a gaban mutane ba. Wannan kawaicin nasa shi ya fi damuna har yau.

Ni kuwa da na ga magana ta karɓu sai na buɗe makaranta. Na juya wa injin baya, na fuskanci jama'a, na shiga bayanin yadda kwamfuta ke tunani. Na yi maganar gawayi da gishiri. Na yi maganar ƙasashen da suka ci gaba. Har na ce nan gaba kaɗan zan sa shi ya riƙa sa wasali da kansa. Duk wannan lokacin garin madaci ja yana ta taruwa yana rufe abin da ake sassaƙawa, ba mai ganin komai sai tudun gari da tsini na yawo a ciki.

Da ya gama, kan ya ɗaga ya koma gefe. Na kashe. Kawu ya ɗauko buroshi ya share a hankali, ya hure sauran da baki. Aiki dai ya yi kyau, zurfi daidai, gefuna sumul, ko tsage ɗaya babu. Masu walda biyu suka kwance katakon suka ɗaga shi tsaye don kowa ya gani. Aka ce Malam Habu ya karanta.

Ya matso. Ya gyara tabarau. Ya buɗe baki ya rufe. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya ja da baya.

"Injiniya, wannan wane irin rubutu ne? Ga haruffa ina gani kamar na san su, amma sun ƙi haɗuwa."

Na leƙa. Ni ma na ga wani abu ba daidai ba, sai dai ban gane ko mene ne ba. Kuma maimakon in yi shiru, bakin nan nawa ya sake tafiya shi kaɗai.

"Salon Turkiyya ne, Malam. Sai wanda ya saba."

"To karanta mana, kai da ka saba."

Na tsaya gaban sunana, sunan da aka raɗa min da rago, ina motsa leɓe kamar mai tauna ƙashi. Zufa ta fara bin bayan shaddar. Mai faci ya ce ko a kife aka riƙe shi? Aka juya shi ƙasa ta koma sama, ya ƙara rikicewa, aka mayar. Musu ya kaure, wannan na cewa ga mim nan, wancan na cewa ba mim ba ce.

Sai muryar Inna ta fito daga can ciki, ba ta ko juyo ba.

"Ku wai me kuke ta musu a kai? Ga shi nan ina gani sarai. Ga sunan Malam nan, ya fito kamar ya yi magana."

Duk muka waiwaya. Tana zaune yadda aka bar ta, bayanta gare mu, idonta a cikin madubin amarya. Malam Habu ya taka ya je ya tsaya bayanta, ya leƙa madubin, ya karanta sunan tiryan-tiryan ba gargada. Sannan ya juyo ya kalli katakon, ya sake kallon madubin, ya ce, "Innalillahi. A juye yake. Injin ya rubuta shi ta baya."

Na taɓa jin ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ni ban ma kai ga wannan tunanin ba. Wayoyin nan biyu, ja da shuɗiya, suka zo suka tsaya min a ido. Ɗaya daga cikin masu kabbarar ɗazu ya fara tari don ya danne dariya, ta ƙi dannuwa, ya fita waje da gudu. Mai faci ya ce, a hankali amma kowa ya ji, "Ashe Larabcin Turkiyya sai da madubi."

Dariyar ba ta dame ni kamar Kawu ba. Ya karɓi katakon ya kwantar, ya juya bayansa ya duba ko za a iya sakewa a can, amma bayan duk tabon gara ne da wata doguwar tsaga. Ya auna kaurinsa da yatsa ko za a iya kankare rubutun, ya ga in an kankare abin da zai rage bai fi faranti ba. Ya sa tafin hannu yana shafa shi. Itacen da ubansa ya zauna a gindinsa ne, kuma babu wani fallen. A nan dariyar ta mutu da kanta, mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Ni kuma hawaye ya cika min ido, na kunya da na baƙin ciki gaba ɗaya, na je na durƙusa gefen Inna da farar shaddata a cikin garin katako.

"Inna, ni na ɓata. Waya na haɗa ba daidai ba. Kuma da Kawu ya yi magana na rufe masa baki."

Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Sale, ɗago min shi yadda yake ɗazu."

Kawu ya ɗaga. Ta daɗe tana kallon madubin. Da ta tabbata baƙi sun fita, daga ni sai Kawu, sai ta yi wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa wadda ban taɓa jin ta yi ba.

"Ku yaran yanzu ba ku san komai ba. Mu a zamaninmu ina mace ta ga idon ɗaga kai ta kalli mijinta? Ina da wani ɗan madubi na sa kwalli, a maƙale jikin bango. In ya shigo karin kumallo ya zauna bakin ƙofa, sai in juya baya wai ina sa kwalli. Nan kuwa shi nake kallo. Kwallin nan na sha shi har idona ya yi ciwo." Ta goge gefen ido da bakin mayafi. "Ni fuskar Malam da na sani, ta cikin madubi ce. To ga sunansa ma ya biyo ta nan. Kada wanda ya taɓa min shi. Ba zaure za a kai ba, ɗakina za a kai."

Kawu ya ce, "Inna, zauren fa?"

"Zauren wa ya ɓace masa? Duk wanda bai san zauren wane ne ba, ba ɗan garin ba ne."

Sai ta juyo ta dungure min kai. "Kai kuma tashi, ango ba ya kuka gaban amarya. Madubi za ka sayo min, babba, ba irin na kwalli ba. Kuma ka cire wannan abin da ke aljihunka, ka yi kama da mai allurar shanu."

Kawu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, yana yi yana share ido. Da la'asar na musanya wayoyin nan biyu, aikin da bai kai a sha kofin shayi ba. Muka gwada da rubutun boko a kan guntun katako, ni a gaban injin wannan karon, Kawu riƙe da rimot ɗinsa. Ɗan Cana ya koma farawa ta hagu, ya manta duk Larabcin da na koya masa.

Mako na zagayowa na ɗaura madubi a bayan babur na kai ƙauye, na kafa katakon a bango ɗaya, madubin a bangon da ke kallonsa. Bayan wani lokaci na koma gaishe ta ba tare da na aika ba. Na ɗaga labule ina sallama ciki-ciki, sai na same ta zaune a bakin gado, ta ba katakon baya, ta zuba wa madubin ido, fuskarta a sake kamar ta yarinya. Tana ganin inuwata ta zabura, ta lalubo tandun kwalli ta fara zizarawa da sauri, tana cewa wai idon ne ke mata ƙaiƙayi. Na yi kamar ban ga komai ba, na tambaye ta ya jikin tsufa.

Abin da na koya dai ga shi, kyauta na ba ku. Kafin ka cire waya, ɗauki hoto, ko guda biyu ce. In za ka gwada inji, gwada shi da abin da ya san hagu da dama. In babba ya ce maka yau abu ya canza, kashe ka duba, kada ka buɗe masa makaranta. Sannan in za ka shiga ɗakin tsohuwa, tsaya daga waje ka yi sallama da ƙarfi, ka ba ta lokaci ta nemo kwallinta.